Ranar da Inna Lanti Ta Tsallake Ni

Ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, 'ya'yana da jikokina, da ku sa'o'ina 'yan kaɗan da kuka rage. Salamarsa ta zauna tare da ku. Ku yi mini haƙuri in yi maganata a zaune, ƙafafun sun daina jure tsayuwa.

Sunana Kande, don maza biyar aka haifa a ɗakinmu kafin in zo. Ban shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan, ban san baƙi ba. Abin da na gani da idona zan faɗa muku, da abin da na yi da bakina, da abin da Ubangiji ya yi mini bayan na tsufa.

Abin ya faru ne tun Nasara ba su shigo ƙasar nan ba, saura 'yan shekaru. Lokacin mutum yana iya kwana ɗa ya wayi gari bawa. Muna zaune a wani ɗan ƙauye gabas da Kwaya, ni kuwa ban fi shekara tara ba.

A bayan danganmu akwai wata mata, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. Inna Lanti muke ce mata, 'yarta kuma Hansai, sa'ata ce, tare muke zuwa rijiya. Daddawa Inna Lanti take yi, tana kuma da gona mai kyau a bakin fadama wadda mijinta ya bar mata. Ba ta da dangi a garin, daga nesa aka auro ta.

Matar nan tana son yara. In ta ga yaro yana kuka a hanya sai ta ajiye kayanta ta ɗauke shi. Ni kuwa gidanta ya zama gidana. In kaina yana ciwo, sai ta tsoma hannunta cikin randa ta ɗora mini a goshi, tana cewa, "Kwanta, Kanden Inna, yanzu zai tafi." Har yau ban ji sanyi irin na hannun nan ba.

Ana nan, ana nan, damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sai masassara ta kama ni. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana huɗu, jikina kamar garwashi. Na daina gane mutane. Uwata ta ruɗe, ubana ya ruɗe, 'ya mace ɗaya tal bayan maza biyar! Aka ɗauko wani boka daga ƙauyen gaba. Ya dube ni ya ce ba ciwon Allah ba ne, kurwata aka kama.

Ku yaran yanzu, wataƙila wasunku ba su ga yadda ake yi ba. In an ce maye ya kama kurwar mutum, sai a matsa wa marar lafiya ya faɗi sunan wanda ya kama shi. Boka ya zuba barkono da wasu saiwoyi a kan garwashi, aka lulluɓe ni da zane tare da hayaƙin. Ina tari, ina shure-shure, yana ta ihu a kunnena, "Wa ya kama ki? Faɗi sunansa! Wane ne?"

Ni kuwa, 'yan'uwa, wuta nake ji a kaina, hannun nan mai sanyi kawai nake so. Sai na yi kira, "Inna Lanti! Inna Lanti, zo!"

Aka yaye zanen. Boka ya ce, "Kun dai ji."

Shi ke nan, gari ya ɗauka. Kafin rana ta yi tsaka tsakar gidanmu ya cika. Duk alherin da matar nan ta yi aka juya shi. Wata ta ce, "Da ma na ga yadda take kallon yara." Wata ta ce, "Wa yake ɗaukar ɗan wani haka kawai, in ba da nufi ba?" Aka jawo Inna Lanti, hannunta duk daddawa, Hansai na biye da ita tana kuka.

Al'adar ita ce, wadda aka ce mayya ce sai ta tuɓe zanenta a gaban jama'a ta tsallake marar lafiya sau uku, wai ta haka take sakin kurwar. In marar lafiya ya warke, an tabbatar ita ce, ta saki. In ya mutu, an tabbatar ita ce, ta cinye.

Limamin garinmu, Malam Idi, tsoho ne mai sanyin murya, ya ratso mutane ya tsaya gabanta. Ya ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Yarinya cikin zafin ciwo ta kira wadda take so, wannan ne laifi? Wanda aka zalunta kukansa yana isa wurin Allah ko mu mun toshe kunne." Aka yi masa caa, wani ya ce malam ya koma ga allonsa. Sai Malam Idi ya juya ya ce mata, "Lanti, kada ki tsallake. In kin tsallake kin amsa ke nan."

Ta ce, "Malam, in na ƙi, me za a yi wa yarinyar?"

Boka ya ce, "A mai da ta cikin hayaƙi har ki saki."

Ina kwance a kan tabarma, ina jin su kamar daga cikin rijiya. Na ji ta ce, "A'a. Hayaƙin nan zai kashe ta. Ku kawar da garwashin, ku ba ta ruwa. Zan tsallake."

Ta kwance zanenta da hannunta, ba wanda ya fizge mata. Mace mai kunya, wadda ko gwiwarta ba a taɓa gani ba! Malam Idi ya rufe fuskarsa da hannun riga. Ta tsallake ni sau ɗaya, ta tsallake sau biyu. A na uku ta sunkuya, ta ɗora tafinta a goshina ta ce a hankali, "Kada ki ji tsoro, Kanden Inna. Allah ya ba ki lafiya."

Aka ba ni ruwa, aka bar ni na yi barci. Bayan kwana biyu masassara ta sauka, yadda masassara take sauka in kwananta ya cika. Gari ya ce, "Ta saki."

To, ku saurara da kyau, don yanzu ne na zo kan nawa laifin. Abin da na yi cikin ciwo ba da hankalina na yi ba. Abin da zan faɗa yanzu kuwa da hankalina na yi shi.

Da na sami ƙarfi aka kai ni zauren mai gari. Inna Lanti na zaune a ƙasa can gefe. Malam Idi ya roƙa a bar shi ya tambaye ni, aka bar shi. Ya durƙusa har fuskarsa ta zo daidai da tawa ya ce, "'Yar nan, faɗi gaskiya, ba wanda zai taɓa ki. Kiranta kika yi don kina son ta zo, ko kuwa kama ki ta yi?"

Na san amsar. Wallahi na san ta kamar sunana. Amma na dubi uwata, na ga idonta a kaina. Na dubi ubana, wanda ya riga ya zagi matar nan a gaban kowa. In na ce kiranta na yi, ina za su sa fuskarsu? Kuma akwai wani abu, bari in faɗa ko da kunya. Tun da na warke ake ba ni nama, ake zuwa kallona, manya suna yin shiru in na buɗe baki. Abin ya yi mini daɗi.

Na ce, "Kama ni ta yi."

Da na ga zaure ya yi tsit, sai na ƙara da abin da nake ji a tatsuniya. Na ce na ga ta sa kurwata cikin ɗan tulu ta rufe da faifai.

Inna Lanti ta ɗago kai. Kallona kawai ta yi, ba da fushi ba. Da fushi ne da ya fi mini sauƙi.

Aka yanke magana. Gonar bakin fadama ta koma hannun ƙanen mai gari, da ma ya daɗe yana zagaya ta. Ita kuma aka ba da ita ga masu tara bayi da suka biyo ta garin. Da hantsi suka tafi da ita, igiya a wuyanta, suka yi arewa. Hansai ta bi su da gudu har bakin gari, aka riƙo ta. Ba wanda ya sake jin labarin Inna Lanti. Har yau ban san inda kabarinta yake ba.

Hansai kuwa aka ce ta sha maita a nono. Aka hana mu wasa da ita. In ta zo rijiya sai a janye guga. Wani kawun ubanta ya zo ya ɗauke ta ya kai ta wajen Sassumbrum, amma sunan ya riga ta isa.

Ni fa? Na girma, na yi aure, na haifi bakwai, na ga jikoki. Kuna tsammani na yi shiru da maganar? Ina! Ita ce ta zama babban labarina. A wurin daka, a gidan biki, a gidan suna, sai a ce, "Kande, ba mu labarin mayyar nan." In gyara zama in bayar. Kowace shekara tulun yana ƙara girma, ina ƙara mata haƙora da jan ido. Ana ce mini wadda ta fito daga bakin mayya, ina jin kaina wata ce. Fatake suka ɗauki labarin suka kai kasuwanni. Da bakina na riƙa ɗaure wa Hansai igiya, shekara fiye da hamsin, ina nan tana can.

Amma ciki ba lafiya. Wani abu ya tokare mini a maƙogwaro, ba ya haɗiyuwa, ba ya fita. Duk ranar da na ba da labarin, abinci ba ya shiga. Na sha saiwa, na sha turare, a banza. Na zama mai faɗa, surukaina suna gudun ɗakina. Na riƙa gaya wa kaina, ai yarinya ce ni lokacin, ai kowa ma ya yarda, ai an daɗe.

Ana nan, tsufa ya zo, idanuna suka fara rufewa. Ɗana ya ɗora ni a jaki ya kawo ni gidan magani na nan Dungas. Kowace safiya kafin lokotoro, wato likita, ya fara duba mu, muna zaune a gindin bishiya, sai Dauda mai bishara, ga shi can zaune, ya ba mu labarin Yesu. Ni ba saurara nake ba, maganin ido na zo nema.

Ran nan sai na ji yana cewa an kai Yesu gaban manya, an kawo masu shaidar ƙarya a kansa. Na ɗaga kai. Ya ce bai yi laifin komai ba sai alheri, yana ɗaukar yara yana sa musu albarka, amma aka juya alherinsa ya zama laifi. Ya ce yana da ikon ƙi, amma ya yarda aka tuɓe masa tufafi a gaban jama'a, ya ɗauki kunyar don waɗansu su rayu. Ya ce har cikin azabar yana roƙa wa masu yi masa gafara.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Na san ta! Wallahi na san ta!"

Mutane suka fashe da dariya. Wata ta ce, "Iya, namiji ne fa ake faɗa." Wani ya ce, "Tsohuwa, da idon aka zo, ko har da kunnen?"

Dauda bai yi dariya ba. Da aka watse ya zo ya zauna kusa da ni ya ce, "Iya, wa kika sani?"

Na buɗe baki in ba shi labarin yadda na saba, da tulu da faifai, sai ya ƙi fitowa. Gaskiya ce ta fito, karo na farko tun ina shekara tara. Na faɗa masa duka. Na ce, "Ɗana, in Yesun nan irin Inna Lanti ne, to ni ina cikin masu shaidar ƙarya. Ba ni da wuri a wurinsa."

Ya ce, "Iya, ai saboda su ya yarda. Ƙaunar da kika gani a wurin matar nan, daga wurin Allah ta ɗebo ta. Ki yi masa magana da kanki, yana ji."

Na ce ban iya addu'arku ba. Ya ce ba sai an iya ba.

Na durƙusa a nan gindin bishiyar, rana tsaka, awaki na wucewa. Na ce, "Yesu, ni ce Kande. Ni na ce kama ni ta yi. Ƙarya na yi, kuma na ji daɗin ƙaryar. Ba ni da abin da zan ba ka. In kana karɓar irina, ga ni."

'Yan'uwa, kuka ya zo mini irin wanda ban yi ba ranar da aka tafi da Inna Lanti. Na yi ta yi har zanena ya jiƙe. Da na tashi, abin nan na maƙogwaro babu shi. Babu shi! Na sha fura ƙwarya guda a ranar. Yabo ga Ubangiji!

Na ɗauka an gama. Bayan kwana kaɗan Dauda ya ce, "Iya, Allah ya sauke miki naki kayan. Hansai fa? Tana da rai?"

Na ce, "In je in ce wa duniya ni maƙaryaciya ce, da furfurata? Jikokina su ji?"

Ya ce, "Ni ban ce ki je ba. Tambaya na yi."

Wata guda ina kokawa da tambayar nan. Girman kai bai mutu da sauƙi ba. Amma duk lokacin da na durƙusa addu'a sai in tuna mace ta kwance zanenta saboda ni, ni kuwa ina ƙyashin kwance sunana. Ranar kasuwar Sassumbrum na ce wa ɗana ya ɗaura wa jaki akumari.

Na sami Hansai can ƙarshen kasuwa, bayan masu itace, ita kaɗai da faifan daddawa. Baƙi kaɗai ke saya a wurinta. Ta tsufa, ta rame, amma goshin uwarta ne sak. Na yi sallama. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "A'a, Kande mai kurwa a tulu. Me aka zo nema? Wani jikan ne ba lafiya?"

Na zube a gabanta na ce, "Hansai, ƙarya na yi. Inna ba ta kama ni ba. Kiranta na yi don ina son ta."

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Yo ni ba a ɗakin nake kwana ba? Wane tulu? Tulunmu ɗaya ne, na ruwa, shi ma bakinsa a fashe." Ta gyara daddawarta. "Safiyar da za a tafi da ita ta ce mini, kada ki riƙe Kande a zuciya, tsoro ta ji. Ban bi maganarta ba. Na riƙe ki. Mijin da na samu baƙo ne, da ya ji labari ya gudu. 'Yata ta sha abin da na sha, jikokina suna sha. Yanzu kin zo kina raɗa mini a kunne a bayan masu itace? A zaure kika faɗa, Kande. Gaban mutane kika faɗa."

Na ce, "Gaskiyarki."

Na sa ɗana ya nemo mai shela, ya buga gangarsa a tsakiyar kasuwa. Mutane suka taru, har da na wajen Kwaya da suka sha jin labarin a bakina. Na ce a zuciyata, Yesu, riƙe ni. Sannan na ɗaga murya na ce, "Ni ce Kande da kuka sani. Labarin mayyar da nake ba ku ƙarya ne. Lanti ba mayya ba ce, ceton raina ta yi. Hansai da zuriyarta ba su da komai. Ni ce mai laifi, ni na sa aka sayar da baiwar Allah."

Kada ku ɗauka kowa ya yi murna. Wasu suka yi dariya, suka ce tsufa ya taɓa ni. Wata ta ce, "Kun gani, 'yar ma ta sake kama ta." Ɗana ya sunkuyar da kai don kunya. Na koma wurin Hansai na roƙe ta ruwa, na sha a ƙwaryarta kowa na kallo. Ba ta ce ta yafe ba. Cewa ta yi, "Yamma ta yi, ba ki iya komawa yau. Taho gida."

Na kwana a ɗakinta. Ta yi sallarta, na yi addu'ata.

Da safe tana hura wuta za ta ɗumama tuwo, sai muka ji sallama a bakin danga. Wata maƙwabciya ce, ta tsaya tana jan ƙafa, da ɗan kasko a hannu. Ta ce, "Iya Hansai, wutarmu ta mutu. A sam mana."

Hansai ta tsaya kamar ba ta ji ba. Sannan ta ɗebi garwashi ta zuba mata, matar ta yi godiya ta tafi. Sai Hansai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Ta ce, "Kande, shekara arba'in ina gidan nan, ba wanda ya taɓa ɗibar wuta a murhuna."

Muka yi kuka tare, tsofaffi biyu ba haƙora. Da ta share ido ta ce, "Na yafe miki, duniya da lahira. Inna ta riga ni, ni ce na makara. Matso ki ci tuwo kafin ya huce."

Wannan ita ce shaidata. Ba duka aka gyara ba. Har yanzu akwai masu janye yaransu in jikokin Hansai sun wuce, Inna Lanti kuma ba ta dawo ba. Amma duk ranar kasuwar da ƙafata ta yarda, ina zuwa in zauna kusa da faifan Hansai, wanda ya tambaya in sake faɗa masa.

Na gode wa Ubangiji Yesu da bai bar ni na shiga kabari da ƙaryar nan a bakina ba. Ya jira ni shekara fiye da hamsin bai gaji ba. 'Ya'yana, in akwai wanda kuka ɗora wa abin da bai yi ba, kada ku jira furfura kamar ni. Ku faɗa wa Yesu, ba zai kore ku ba, ni bai kore ni ba. Sannan ku tashi ku je wurin mutumin tun yana da rai. Ku dogara gare shi, zai riƙe muku ƙafafu a hanya.

Ku sa Hansai da jikokinta cikin addu'arku. Amin.